Darasi: Zaɓen Kan Parabol a Ƙasar Damargu

Wata shekara, saura ƴan kwanaki a buɗe gasar kokowar gargajiya ta neman takobi, wani dattijo maƙwabcinmu a Tenhiya ya wayi gari talabijin ɗinsa ya ɗauke. Baƙin allo kawai, da ɗan rubutun Faransanci a tsakiya mai cewa babu sigina. Ya kashe ya kunna, ya ɗan bubbuga dekoda, shiru kake ji. Wani saurayi cikin masu zuwa kallo ya ce, "Baba, ai kan ne ya mutu." Dattijon ya ba direba sautu zuwa Tanut, aka kawo masa sabo a kwali mai sheƙi, an rubuta 0.1 dB da jan rubutu. Aka ɗaura. Hoto ya zo yana kakkaryewa, fuskar mai labarai ta rabu gida-gida, can ya sake ɗaukewa. Aka ce wannan jabu ne, a aika Damagaram. Aka aika, aka kawo, ba ta canza zani ba.

Ranar da mai gyara ya iso, ko kallon kan bai yi ba. Waya ya bi da hannu tun daga bayan dekoda, ta taga, ta gindin katanga, har ya zo inda akuya ta taɓa tauna ta. Ya yanke wurin ya nuna mana. Ruwan daminar da ta wuce ya shiga ciki, saƙar wayar ta yi kore, tana marmashewa a yatsa kamar busasshen ganye. Ya ja sabuwar waya, ya mayar da tsohon kan da aka ce ya mutu, sai ga ƴan kokowa tar a allo suna kirari. Kuɗin kai biyu sun tafi, kuɗin sautu biyu sun tafi, an kuma rasa kwanakin farko na gasar.

Mutumin Damagaram in ya sayi abin da bai dace ba, kabu-kabu zai hau ya mayar. Mu nan abin ba haka yake ba. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, mu kuma muna can arewa da Tanut, haka ƴan uwanmu na ƙauyukan Belbeji suke fama da nisa. Kuskure ɗaya yana cin mako guda da kuɗin mota. A yawancin ƙauyuka da rugagenmu kuwa eriyar ƙasa ba ta kama komai, parabol ce kaɗai hanyar ganin labaran Télé Sahel, da kokowa, da wasan Mena, da tarawihin Makka a watan azumi. Don haka ya kamata kowane mai gida ya san wannan ɗan abu, ya san kuma lokacin da ba shi ne da laifi ba.

Mene ne aikin kan?

Shi ne ɗan abin nan da ke zaune a ƙarshen hannun parabol yana kallon faranti. Masu gyara suna ce masa "tet" daga Faransanci, a kwali kuma za ka ga an rubuta LNB. Haruffan nan uku gajarcewa ce ta wani dogon suna mai nufin na'ura mai ƙarancin hayaniya da ke saukar da sigina.

Taurarin ɗan'adam masu watsa talabijin a jere suke a sama, daidai saitin layin da ya raba duniya biyu, a nisan kilomita 35,786. A wannan nisa tauraro yana kewaya duniya daidai da yadda ita duniyar take juyawa, shi ya sa a wurinmu kamar a tsaye yake cak. Mu muna kamar digiri 15 arewa da layin, saboda haka duk parabol ɗin Damargu wajen kudu take fuskanta, wata ta karkata gabas, wata yamma. Abin da ke isowa daga wannan nisa ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Faranti yana tara shi kamar yadda rufin ɗaki ke tara ruwan sama, ya mayar da shi wuri guda, kan kuma yana zaune a wurin kamar randa a ƙarƙashin indararo.

A cikin bakinsa akwai ƴan allurai biyu na ƙarfe, ɗaya tana kama siginar da ta zo a tsaye, ɗaya wadda ta zo a kwance. Su ne V da H da kake gani a jerin tashoshi. Daga nan sai ya ƙara wa siginar ƙarfi ninkin dubu ɗaruruwa, wani har miliyan, wato abin da ake rubutawa 55 ko 60 dB. Sannan ya saukar da lambarta. A irin parabol ɗin da yawancinmu muke da ita, tana zuwa ne a tsakanin 10,700 da 12,750 MHz, wadda waya ba ta iya ɗauka da nisa, sai ya mayar da ita tsakanin 950 da 2,150. Ragi yake yi kawai, irin wanda muka koya a darasin lissafi. In tasha tana kan 11,000, sai ya cire 9,750, saura 1,250. In tana kan 12,000, sai ya cire 10,600, saura 1,400.

Ba shi da batir. Dekoda ce ke ciyar da shi ta wayar nan guda da ke kawo hoto, kuma da wutar take ba shi umarni: bolt 13 yana nufin kama na tsaye, bolt 18 kama na kwance, wani ɗan amo na 22 kHz kuma yana nufin koma ragin 10,600. Riƙe wannan da kyau, domin da shi ake gane cuta. In tashoshin H duk sun ɓace na V suna nan, bolt 18 ɗin ne ba ya isa, ko dai waya ta yi tsawo kuma siririya ce, ko mahaɗi ya yi tsatsa, ko dekodar ta gaji. Masu aiki da hasken rana su fara duba batir, musamman in abin yana faruwa can cikin dare.

Wane tauraro kake nufi?

Kada ka nemi kai sai ka san tauraron da kake so, domin zango biyu ne, kowanne da irin kansa.

Akwai zangon C, na manyan faranti masu mita biyu ko fiye, wasu masu raga. Siginarsa tana tsakanin 3,400 da 4,200 MHz, kansa ƙato ne kamar gwangwanin madara, lambarsa 5150. Ruwan sama bai cika damunsa ba. Akwai kuma zangon Ku, wanda yawancinmu muke kai yau, mai ɗan ƙaramin kai. Girman ya bambanta ne don tsawon igiyar siginar C ya kai kamar santimita bakwai da rabi, na Ku kuwa kamar biyu da rabi. Kan C ba ya jin Ku, kan Ku ba ya jin C, ko da nawa aka saye shi.

A zangon Ku ake samun Nilesat na ƙasar Masar a digiri 7 yamma, da Badr na kamfanin Arabsat a digiri 26 gabas, inda tashoshin Larabci suke da yawa, har da masu nuna Masallacin Harami kai tsaye. Akwai Eutelsat 16A a digiri 16 gabas, wanda aka harba a 2011, yana da hasken da aka nufi Afirka kudu da Sahara da shi. Canal+ yana kan SES-4 a digiri 22 yamma, DStv kuma a digiri 36 gabas. Tashoshi sukan yi ƙaura daga wannan tauraro zuwa wancan, don haka ka je gidan da ake kallon abin da kake so yau, ka tambayi inda suka saita da girman farantinsu.

Girman farantin nan ka tambaye shi da gaske. Hasken tauraro kamar na tocila ne, tsakiya ƙarfi, gefe dishi-dishi. An saita Nilesat da Badr ne don Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, mu a gefen hasken muke, shi ya sa suke son babban faranti. Tauraron da aka saita don yankinmu kuwa, ƙaramin faranti ya ishe shi.

Ga duk waɗannan na Ku, kan da aka rubuta wa Universal, mai lambobi 9750 da 10600, shi ne na yau da kullum. Amma ka duba jikinsa da idonka, domin a cikin kayan gwanjo ana samun masu lamba ɗaya tak, kamar 10750 ko 11300, waɗanda aka yi don wasu ƙasashe. Lambar da ke jikin kai dole ta zama ita ce aka sa a cikin dekoda. In sun saɓa, ragin zai fita ba daidai ba, dekoda ta yi ta neman tasha inda ba ta.

Kai da faranti sai sun dace

Nan ne mutane da yawa suke asara ba su sani ba. Faranti iri biyu ne. Akwai mai ɗan tsawo kamar ƙwai, hannunsa ya fito daga ƙasa, kan yana kallonsa daga ƙasa. Akwai kuma mai zagaye sosai, mai zurfi, wanda sanduna uku ko huɗu suke riƙe kan a tsakiyarsa. Yawancin manyan faranti irin na biyun ne.

Kan da aka yi don mai ƙwai ganinsa matsattse ne. In ka ɗaure shi a tsakiyar babban faranti mai zurfi, tsakiyar kawai yake gani, gefen duk ya tashi a banza. Ka sayi mita ɗaya da tamanin, ka biya kuɗin ɗauko shi a saman mota daga Damagaram, amma wani yanki kaɗai ke yi maka aiki. Irin wannan faranti yana da nasa kan na Ku, mai faffaɗan baki da zobba a kewaye. Haka in aka juya: kai mai faffaɗan gani a kan ƙaramin faranti yana hango bayan farantin, ya riƙa kwaso zafin ƙasa da na katanga yana haɗawa da sigina. Gaya wa mai shago irin farantinka tun kafin ya miƙo hannu. In da hali ka ɗauki hotonsa a wayarka.

Wuyan kan ma a duba. Na yau da kullum milimita 40 ne, kuma yawancin maƙalai an yi su daidai da shi. Wanda ya yi wa maƙalarsa kaɗan har aka cika da tsumma ko yankin roba, iska ta farko za ta juya shi.

Baki nawa kake bukata?

Mai baki ɗaya na dekoda ɗaya ne. In gidan yana da talabijin biyu, ɗaya a zaure ɗaya a cikin gida, a sayi mai baki biyu, wanda ake rubuta wa Twin, kowace dekoda da wayarta. Raba waya ɗaya da ɗan ƙarfen rabawa rigima yake kawowa: maigida yana kallon tashar H, dekodarsa tana aika bolt 18, uwargida ta sa tashar V a ciki, sai nata hoton ya ƙi zuwa.

Mai baki huɗu iri biyu ne masu kama da juna a ido da a suna. Quad yana ciyar da dekoda huɗu kai tsaye. Quattro kuwa kowane bakinsa kashi ɗaya cikin huɗu na tashoshi yake bayarwa, an yi shi don manyan gidaje da otal masu wani akwatin rabawa na musamman. In ka ga an rubuta VL, VH, HL da HH a bakunan, ajiye shi. Haka tagwayen kai da aka haɗe a jiki ɗaya, yawancinsu an auna tazararsu ne don taurari biyu na Turai masu digiri 6 a tsakani. Mai son taurari biyu a nan gara ya sa kai biyu daban, ya haɗa su da ɗan makunnin DiSEqC.

Maganar 0.1 dB

Mu dawo kan jan rubutun da ya ci kuɗin dattijo. In ka murɗa rediyo tsakanin tasha da tasha, kana jin "shuuu". Kowace na'ura tana da irin wannan hayaniya a cikinta. Lambar nan tana nufin yawan hayaniyar da kan yake ƙarawa a kan sigina, kuma gaskiya ne ƙaramar lamba ta fi. A kan na C ana rubuta ta da harafin K, kamar 17K. Matsalar ita ce babu mai auna maka ita a kasuwa. Mai kayan ne ya buga abin da ya ga dama a kwalinsa, kuma kan gida mai araha ba ya riƙe 0.1 daga farkon zango har ƙarshensa. Ko da ya riƙe, sama da ƙasa suna da tasu hayaniyar da ke shiga bakinsa, wadda ba yadda zai yi da ita. Mai 0.3 na kamfanin kirki yakan fi mai 0.1 da ba a san asalinsa ba.

Kwatanta da faranti. Daga santimita 60 zuwa 90, filin da ke tara sigina ya ninka sau biyu da kwata. Daga 60 zuwa 120 ya ninka sau huɗu. Wannan riba ce da za ka iya aunawa da igiya. Ni a ganina, wanda hotonsa ke kakkaryewa don siginar ta yi rauni, ya tara kuɗin da zai kashe a kai uku ya sayi faranti mai girma, ko ya biya gwani ya saita masa wanda yake da shi.

Sauran rubuce-rubucen ado, irin su HD da 4K da 3D, ba ruwan kai da su. Bai san irin hoton da ke wucewa ta cikinsa ba, wannan aikin dekoda ne da talabijin. Kuma babu kan da ke buɗe tasha mai kulle. Tashar kuɗi sai da katinta da biyan wata.

Abin da ya cancanci ka nema a kwali shi ne haruffa uku: PLL. Ragin da muka ce kan yana yi, da wani ɗan agogo na cikinsa yake yinsa. A tsohon yayi, wanda ake kira DRO, agogon yana ɗan zamewa in zafi ya sauya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, kan da ke tsakar rana ya fi haka nesa. Alamar ita ce wasu tashoshi, musamman ƙanana masu zaman kansu a lambarsu, su ɓace da tsakar rana su dawo bayan magariba. Na PLL an ɗaure agogonsa da wani ɗan dutse mai riƙe lamba, zafi bai cika gusar da shi ba. A ƙasa irin tamu wannan ya fi jan rubutu amfani.

Rana, iska da zanzaro

Ƙurar hunturu, duk da yadda take rufe gari, ba ta cika tare sigina ba. Abin da ke ɓarna shi ne iska mai girgiza faranti, da rana mai cin roba. Murfin da ke bakin kan yakan yi fari, ya bushe, ya tsage. Na taɓa sauke wani kai na buɗe: zanzaro ya shiga ta tsagar ya gina ɗakinsa na laka a kan allurar, ya cika shi da matattun gizo-gizo. Da aka ƙanƙare ginin a hankali da tsinke, aka rufe bakin da siririyar roba, sai ya ci gaba da aiki har aka samo wani. In da damina ta riga mu, da ruwa ya gama da shi.

Saboda haka in kana zaɓe, ɗauki kan a hannu. Danna murfin da yatsa ka ji ko yana da kauri, ko ya zauna daram. Girgiza shi a kunne, kada ka ji komai yana motsi. Dubi bakin da waya ke shiga, zarensa ya zama na ƙarfe mai kyau, kuma a ce akwai ƴar rigar roba da ke rufe mahaɗin. Kada kuma a shafa wa faranti fenti mai ƙyalli ko a lulluɓe shi da takardar alminiyam. Yadda yake tara sigina haka zai tara rana, ya narkar da murfin.

Hadari mai nauyi yana ɗauke hoton Ku na ɗan lokaci, ya dawo da kansa. Haka kuma sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, rana takan bi daidai ta bayan tauraron, hoto ya ɗauke na ƴan mintoci tsakanin hantsi da la'asar, kwanaki kaɗan a jere. Ba abin da ya lalace, kada a taɓa komai.

A gaban mai shago

"Salamu alaikum, Alhaji, sannu da kasuwa."

"Wa alaikumus salam, Malam, sannu da zuwa. Me za a ba ka?"

"Kan parabol, na Ku, Universal, mai baki biyu. Farantina mai ƙwai ne, santimita 90."

"Ga wannan sabon shigowa, 0.1 ne, ga 4K."

"Allah ya amfana, Alhaji. Bari dai in ga jikinsa. To, ga 9750 da 10600. Amma ban ga PLL ba. Akwai mai shi?"

"Akwai, sai dai ya ɗan fi kuɗi."

"Ba komai. A ɗaura mini shi a parabol ɗin shago in gani, don daga Tenhiya nake, dawowa da wuya."

Wannan roƙo na ƙarshe haƙƙinka ne, kuma mai shagon kirki ba ya ƙi. In an ɗaura, a gwada tasha huɗu: ta V da ta H masu lamba ƙasa da 11,700, sannan ta V da ta H masu lamba sama da haka. In huɗun sun fito, duk sassan kan suna aiki. In mai baki biyu ne a gwada kowane baki.

A allon saiti za ka ga sanduna biyu. Ta farko, mai suna Force ko Intensité, tana nuna cewa wani abu yana isowa ta waya, ko da hayaniya ce. Ko katanga farantin ke kallo za ta iya cika. Ta biyu, Qualité, ita ce mai faɗin gaskiya. Kai biyu in ana gwada su, a faranti ɗaya, a tasha ɗaya, a sa'a ɗaya, wanda ya fi ɗaga ta biyun shi ne gwani.

Kafin ka bar shagon sayi wayar kirki, RG6, mai saƙa mai kauri. Tafi da ɗan mayen ƙarfe: in ya manne wa tsinken tsakiya, ƙarfe ne aka shafa wa tagulla, in bai manne ba tagulla ce zalla, wadda ta fi kai wuta in tafiyar da nisa.

Ɗaurawa da murɗawa

Kashe dekoda ka zare ta daga wuta kafin ka taɓa waya. In kana fere bakin wayar, ka lura kada ko gashi ɗaya na saƙar ya taɓa tsinken tsakiya, domin wuta za ta haɗu, dekoda ta yanke abincin kan. Kada a hau rufi in hadari ya taso.

Sai abin da hoton kwali ba ya nuna mana. A hoton, kan a miƙe yake, wayarsa tana kallon ƙasa. A Damargu ba haka zai zauna ba. Saboda kusancinmu da layin tsakiyar duniya, "tsaye" da "kwance" na tauraro suna iso mana a karkace sosai. Ga Nilesat sai an murɗa kan a cikin maƙalarsa kamar digiri 45, wato rabin kusurwar ɗaki. Ga Badr kusan haka, amma ta ɗaya gefen. Ga Eutelsat 16A kamar 25, ga tauraron Canal+ kamar 60. In ka bar shi a miƙe alhali yana son 45, kowace allura za ta ɗebi rabin V da rabin H a cakuɗe, ba za ka ga komai ba, ka ce sabon kan ya mutu. Sassauta maƙalar, ka riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan, wani yana kallon sandar Qualité yana faɗa maka. Tsaya ta gefe ko ta ƙasa, kada jikinka ya tare farantin. In ka sami inda ta fi tsawo, sai ka ɗan tura kan gaba ko ka ja shi baya, ka sake dubawa, sannan ka ɗaure. Ja layi da fenti ko ƙusa a wuyan da maƙalar don gobe.

Farantin kansa ma motsi kaɗan ke ɓatar da shi. A mai santimita 90, gusawar digiri ɗaya ba ta kai santimita ɗaya a bakinsa ba, amma ta isa ta rage siginar sosai. Babban faranti ya fi haka tsanani. Wanda aka girke a ƙasa cikin taya da duwatsu, kamar yadda muke yi a ruga, a kewaye shi da ƙaya don jaki da awaki. Na gida a kafa sandarsa da siminti, ta miƙe sak. A naɗe mahaɗin da baƙin salatif, a bar wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga ɗaki don ruwa ya ɗiga waje, a kuma ɗaga ta inda bakin akuya ba ya kaiwa.

Aikin yi

1. Tasha tana kan 11,500 MHz, wata kuma tana kan 12,300. Wace lamba kan zai cire daga kowacce, nawa zai rage?

2. Wata baiwar Allah ta ce tashoshinta na H sun ɓace tun da aka ƙara wa waya tsawo zuwa sabon ɗaki, na V kuwa suna nan. Ku tattauna biyu-biyu: me za ku fara dubawa, kuma don me?

3. Ku sake karanta labarin dattijon da ke farkon darasi. Waɗanne tambayoyi ya kamata ya yi kafin ya ba da sautun farko?

4. In kun koma gida, kowa ya auna faɗin farantin gidansu ko na maƙwabci da igiya, ya duba ko mai ƙwai ne ko mai zagaye, ya kwafe duk abin da aka rubuta a jikin kan cikin littafinsa, sannan ya rubuta lambar da sandar Qualité ke nunawa da tsakar rana da kuma bayan isha'i. A zo da shi aji mako mai zuwa.